Baban Farisai Tsakanin Fartanya da Goge

A can ƙarshen unguwa, inda gidajen Mutare suka ƙare dutse ya fara, nan gidan Zebediya Mawoyo yake. Gidan kansa ba wani abin kallo ba ne, 'yan ɗakuna ne da jan rufin kwano. Lambun ne ya sa kowa ya san shi. Ya taso tun daga ƙofar baya ya gangara hawa-hawa, kowane hawa da katangar duwatsu tana tokare da ƙasarsa, har ya kai ga kwazazzabon da ruwa ke bi da damina. Akwai fiya da gwaiba da lemo, da ayaba a can ƙasa inda laima take, ga fangalan tumatir da albasa da ganyen miya, ga furanni a bakin hanya, sannan shinge mai kauri ya zagaye komai.

Zebediya direban jirgin ƙasa ne. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana jan taragun kaya tsakanin Mutare da Harare, wani lokaci har bakin iyakar Mozambik. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, kuma in yana magana sai a ɗauka faɗa yake, domin ƙarar inji ta cinye masa rabin kunnen hagu. Yana da wani hali da bai taɓa rabuwa da shi ba: ba ya ganin tsiro ya wuce. Duk tashar da ya tsaya, sai ya dawo gida da reshe a aljihun kwat ko ɗan dashe a gwangwani. Ya haƙa rami ya dasa, ya zuba ruwa sau ɗaya, ya tsaya yana sha'awar aikinsa, washegari ya koma bakin aiki. Sauran wahalar kuwa ta matarsa Sekai ce, wadda kowa ke kira Maman Farisai, da sunan 'yarsu.

Da ya yi ritaya abokan aiki suka yi masa liyafa, aka gasa nama, aka yi jawabai masu tsawo. Kashegari da safe yana zaune a baranda yana shan shayi da dafaffen dankali, yana jin daɗin yau babu inda za shi, sai Sekai ta fito daga ɗakin ajiya rungume da fartanya da manjagara da almakashin aske shinge. Ta zube su a gabansa.

"Baban Farisai, ga 'ya'yanka can a bayan gida. Kai ka haifa, ka bar ni da reno tun gwiwoyina suna da ƙwari. Yau na sauke."

"Haba Maman Farisai, ko hutun mako guda ba za a ba ni ba?"

"Je ka tambayi ciyawa, in ta yarda ta ba ka ni ma na ba ka."

Ta ɗaura ɗankwali ta tafi taron matan coci, tana tafe tana waƙa.

A nan ne Zebediya ya san abin da ya shuka. Da rani rijiya tana can ƙasa, fangalai suna sama, sai ya yi ta hawa da sauka da bokiti biyu har rana ta ɗaga. Gafiya tana haƙe dankali ta ƙarƙashi, gara tana cin turakun tumatir. Kafin ya gama aske shinge ta wannan gefe, wancan gefen ya sake tofowa. Ga birai da ke saukowa daga dutse a ayari, uwa da 'ya'ya da wani ƙaton namiji mai raina mutane, su zauna a kan gwaiba su ci rabi su yar da rabi. Da yamma bayansa ya riƙe, sai ya dafa bango kafin ya zauna. Amma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi na gaske ba. Yana son ƙanshin ƙasa in ta sha ruwa, kuma karon farko a rayuwarsa ya ga abin da ya dasa yana girma a idonsa, ba a ba shi labari ba.

Ana nan sai ƙafar tsohon baronsa ta karye. Wata safiya ya shiga kombi, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa cikin gari, ya nufi wani shagon tsofaffin kaya da ke bayan kasuwa don ya samo wani. Yana cikin kewaya tsakanin gadajen ƙarfe da kekunan ɗinki, sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin akwati mai siririn wuya a saman kabad. Ya sauko da shi ya buɗe. Goge ne irin na Turawa, mai tsirkiya huɗu, katakonsa ja kamar zuma, ga izgarsa maƙale a murfi.

Zebediya ya daɗe a tsaye. Yana yaro a makarantar mishan a tsaunukan Nyanga, akwai wani tsohon fada, limamin cocin, da ke fitowa baranda ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya goga irin wannan. Yara sukan watse su tafi ƙwallo, shi kuwa ya laɓe bayan tankin ruwa yana sauraro har a buga ƙararrawar abinci. Bai taɓa gaya wa kowa ba, bai kuma taɓa taɓa abin da hannunsa ba. Daga baya aiki ya zo, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, maganar ta nutse. Yanzu ga shi a hannunsa, ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ya dawo gida da akwatin a kan cinya. Sekai tana tsince wake a baranda, ta dube shi, ta leƙa bayansa.

"Ina baron?"

"Ba su da mai kyau."

"Wannan fa? A ciki za ka riƙa ɗaukar taki?"

Ya buɗe ya nuna mata. Ta goge hannu a zane ta shafa katakon da yatsa ɗaya, ta dube shi da kyau, ta ga yadda ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da sukari a baki. Ta haɗiye abin da ta yi niyyar faɗa.

"To, Allah ya sa a ji alheri," in ji ta.

Ba a ji alheri ba. Abin da ya fito daga gogen nan a makonnin farko, karen gidan ma sai da ya gudu ya ɓuya. Maƙwabcinsu Gwaze, wanda ya yi aiki tare da Zebediya a matsayin mai tsaron taragon baya, ya leƙo ta saman shinge da hularsa a karkace.

"Mawoyo! In akuya kake yankawa ka wasa wuƙar mana. Wannan ai azabtar da dabba ne."

"Kai dai ka yi shiru. Duk tsawon aikinmu a bayana kake, me ka sani game da abin da ake yi a gaba?"

"Na san birki in ya lalace, kuma haka yake kuka."

Gwaze ne dai ya samo masa ƙafar baro a cikin tarkacensa, suka ɗaura tare. Sekai kuwa ta yi haƙuri iya haƙuri, sannan wata rana ta ɗauki kujerar ƙarfe ta kai gindin fiya ta ajiye.

"Baban Farisai, kai kunnenka ɗaya a toshe yake, rabin abin kake ji. Ni duka nake sha. Ga ofishinka nan."

Haka ya koma gindin fiya. Abin mamaki, birai suka ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, har Sekai ta ce ashe gogen ya fi baro amfani. Amma ba su daɗe ba suka gane kukan ba ya cizo, suka dawo suna cin gwaibarsu suna kallonsa.

'Yarsu Farisai, wadda ke aiki a Harare, ita ce ta ji abin ta waya ta ce wannan ba za a bar shi haka ba. Ta yi tambaya wajen ƙawayenta har ta samo wata Malama Chikuni, mai koyar da kiɗa a makarantar 'yan mata, wadda ke karɓar manya ranar Asabar da safe a zauren taro na coci. Zebediya ya sa kwat da taye ya tafi.

Malama Chikuni 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta girmi Farisai ba. Ta karɓi gogen, ta murɗa kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya, ta shafa wa izgar ƙaro, ta ɗora shi a kafaɗa ta ja sau ɗaya a hankali. Sautin ya cika zauren, mai kauri, mai daɗi, har Zebediya ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

"Ikon Allah," ya ce da ƙarfi. "Ashe ba shi ne mai laifin ba."

Ta yi dariya. "Sekuru," ta ce, wato kaka a harshensu, "kawo hannunka in gani."

Ya miƙa. Tafin duk kanta, yatsun sun faffashe, ƙasa ta shige ƙarƙashin farce ta zauna. Ta jujjuya hannun kamar mai duba doya a kasuwa.

"Noma kake?"

"Ɗan lambu ne, 'yata."

"To daga yau safar hannu za ka riƙa sawa in za ka kama fartanya. Ka yanke farce. Ka shafa basilin safe da yamma. Yatsun nan sai sun yi laushi kafin su ji magana."

Ranar da Gwaze ya hango shi yana noma da safar hannu, ya kuma ga kwalbar basilin a kan kujera, sai da ya riƙe shinge don dariya.

"Amarya! Yaushe ne bikin? A gaya mana mu yi ɗinki."

Karatu ya kankama a hankali. Malama ta koya masa riƙon izga, wanda ya fi komai ba shi wuya, domin hannun da ya saba damƙar ƙarfe bai san sassauci ba. Ta koya masa karanta rubutun kiɗa, wanda Sekai ta leƙa ta ce tururuwa ce ta hau igiyar shanya. Da ta lura kunnensa na hagu ba ya kama sauti sosai, sai ta ce ya kwantar da haɓarsa da kyau a kan katakon, ya saurara da ƙashin muƙamuƙinsa. Ya gwada, ya ji sautin yana bi ta haƙoransa yana shiga kai. Abu ɗaya ne ba ta sha wahalar koya masa ba, wato kiyaye lokaci. Ƙafarsa tana buga ƙasa daidai, ba gaggawa ba jinkiri.

"Sekuru, jirginka ba ya latti," in ji ta. "Matsalar dai yatsunka suna sauka a tashar da ba tasu ba."

Zebediya ya yi ta maimaita wannan magana ga duk wanda ya gamu da shi, yana dariya har da hawaye.

Da damina ta kusa, Malama ta gaya wa ɗalibanta manya, su uku, cewa in Allah ya kai su kaka za su yi waƙa ɗaya a coci ranar bikin godiya. Sauran biyun, wata tsohuwar nas da wani mai sayar da magani, suka ce sai sun yi shawara. Zebediya ya ce shi ya shirya.

Daga nan goge ya fara cin lokacin lambu. Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso kamar ana jan ta da igiya, shi kuwa yana gindin fiya ko baranda yana maimaita layi ɗaya. Ya ce gobe zai yi noma, gobe ta zo ya ce jibi. Tumatir ya kwanta ƙasa ya ruɓe don ba a ɗaure shi ba. Sekai ta je kasuwa ta sayo tumatir, ta jera shi a faranti a tsakiyar tebur inda ba yadda za a yi ya kasa gani. Ya gani, ya ji kunya, ya yi wuni biyu yana noma, sannan ya koma ga gogensa.

Abin da ya manta shi ne magudanar da ke saman lambun, wadda ke karkatar da ruwan dutse zuwa kwazazzabo. Ganye da yashi sun cika ta. Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa irin wanda ba a ganin gidan maƙwabci. Ruwan dutse ya tsallake magudanar ya biyo ta tsakiyar lambu. Da ruwan ya ɗauke suka fito, katangar hawa na biyu ta zube, duwatsun sun gangara kan fangalan albasa, jar ƙasa ta binne ganyen miya.

Sekai ta tsaya a bakin ɓarnar da takalmin roba, hannunta a ƙugu.

"Wannan katangar ni da Farisai muka ɗora ta," ta ce a hankali. "Tana 'yar makaranta. Dutse ɗaya-ɗaya muka kwaso daga sama. Kana Harare."

Ta juya ta shiga gida. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya shiga ɗaki ya rufe akwatin goge, ya ɗora shi a saman kabad, ya aika wa Malama cewa kada ta sa ran ganinsa.

Kashegari Gwaze ya zagayo da shebur ba tare da an kira shi ba, kuma bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya nuna wa Zebediya cewa ɓarnar babba ce. Suka yashe magudana, suka shiga ɗora katanga. Aiki ne na tsofaffi biyu, a ɗaga dutse a huta, a yi gardamar inda zai zauna. Sun kusa gamawa sai wani ƙaton dutse ya kuɓuce wa Gwaze, ya danne wa Zebediya ɗan yatsan tsakiya na hannun hagu. A asibiti aka ce ƙashi bai karye ba, amma farcen ya yi baƙi, daga baya ya fita, yatsan ya kumbura kamar ayaba.

Katanga ta tsaya, lambu ya farfaɗo, gida ya yi tsit. Zebediya yana aikinsa da hannu ɗaya da rabi, ya ci sadza, tuwon masararsu, ya ce an gode, ya zauna a baranda yana kallon dutse. Ba ya tsokanar kowa. Ko Gwaze ya jefo magana ta kan shinge, sai dai ya ɗaga masa hannu.

Wata Asabar da hantsi yana cire ciyawa a gindin lemo, sai ya ji muryar Malama Chikuni a baranda. Ya hau ya tarar da ita zaune da kofin shayi, akwatin goge a kan tebur an share masa ƙura.

"Ni na kira ta," in ji Sekai, kafin ya tambaya. "Gidan ya zama kamar ana zaman makoki. Gara kukan akuyar."

Ya nuna wa Malama yatsan da ke naɗe da bandeji. "Kin gani, 'yata. Jirgi ya kwana a hanya."

"Na ga na hagu. Na dama fa, me ya same shi?"

"Lafiyarsa lau."

"To shi nake so dama. Ka bar tsirkiya a sake, kada ka danna komai. Ka ja izga daga gindi har baki, a hankali, kamar kana shafa bayan jariri. Ka dawo da ita haka. Shi ke nan aikinka har yatsan ya warke."

Ta tafi da buhun fiya da Sekai ta cika mata. Zebediya ya koma kujerarsa, yana jan sauti huɗu kacal, safe da yamma. Da farko abin ya gundure shi. Amma da yake babu yatsun da zai damu da su, sai ya fara jin abin da hannun dama ke yi, inda yake dannawa fiye da kima, inda yake karkacewa. Sannu a hankali ƙarar nan mai kartar kunne ta ragu. Wata safiya ya ja tsirkiya mafi kauri, sautin ya fito a buɗe, ya yi ta amsawa a cikin katakon bayan ya ɗaga izga. Ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

A cikin kwanakin nan ne suka yi maganar da ya kamata su yi tun da daɗewa. Suna zaune a kan sabuwar katanga suna ɓare gyaɗa, ya ce, "Maman Farisai, lambun nan ya fi ƙarfina."

"Yau ka sani? Ya daɗe da fin ƙarfin mutum ɗaya. Ba ka taɓa tambaya ba ne."

"Ki yafe ni."

"Ka ci gyaɗarka," in ji ta, ta tura masa kwanon. "Ka faɗi abin da za a yi."

Suka yanke shawara a nan take. Hawa biyu na ƙasa aka ba Gwaze, wanda bayan gidansa duk dutse ne, ya shuka masara da dankali a raba. Gwaze ya ce sai ya yi tunani, amma kafin rana ta faɗi ya buɗe ƙofa a jikin shinge. Filin ciyawar ado da ke cin ruwa da lokaci aka kafce shi aka zuba kabewa, ta yaɗu ta rufe ƙasa ta hana ciyawa sakat. Sekai kuwa ta ce fangalan da ke kusa da kicin sun dawo hannunta.

"Ba don tausayinka ba. Kana kashe mini albasa da ruwa, na gaji da kallo."

Ya lura tana faɗa tana murmushi, kuma tun daga ranar kusan kullum tana cikin fangalan da sassafe, ta shimfiɗa buhu ta zauna saboda gwiwa. Ta kafa masa doka ɗaya, kada ya ƙara shigo da wani sabon dashe gidan. Ya amsa da to, ya ɓoye wani ɗan reshen inabi a bayan rijiya, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Da sabon farce ya fara tsirowa ya koma danna tsirkiya, ya kuma koma zauren coci. Ya tsara wa kansa yini: lambu tun da sanyin safiya har rana ta yi zafi, sannan ya wanke hannu da ruwan ɗumi, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, sai goge. Wata rana yana gindin fiya yana bin waƙar da za su yi a coci, Sekai tana can tana rage albasa, sai ya ji kamar wani sauti yana bin nasa ta ƙasa. Ya karkato da kunnensa mai kyau. Ita ce take rera waƙar, tana sa kalmomin inda suke, ba ta ma ɗago kai ba. Bai taɓa gaya mata wace waƙa yake koyo ba. Hannunsa ya tsaya cak.

"Ci gaba mana," ta ce. "Wa ke tsayawa a tsakiyar baiti?"

Ya ci gaba, ido ya cika masa da ƙwalla, har bai ga takardar da kyau ba.

Ranar bikin godiya gaban coci ya cika da kabewa da buhunan masara da rake da ayaba, har da kaji a ɗaure. Manyan kabewa biyu na gidan Mawoyo ne. Da aka kira su, tsofaffi uku suka fito suka tsaya, Malama a gefe tana ba su alama da kai. Farkon abin bai yi kyau ba. Tsohuwar nas ta riga kowa shiga, gogen mai magani ya yi wani ƙiii, wata kaza ta amsa masa, yara suka fashe da dariya. Zebediya ya kwantar da haɓarsa, ya sa ƙafarsa ta kama lokaci, ya ja a hankali yadda ya saba a gindin fiya. Sauran biyun suka biyo shi. A baiti na biyu matan coci suka ɗauka, Sekai a cikinsu da jar rigarsu da farar hula, sai maza suka shigo da kaurin murya, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Da aka ƙare wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wasu suka taya ta.

A waje Gwaze ya zo ya kama hannunsa ya girgiza.

"An ce ka yi kuskure wuri uku."

"Huɗu ne."

"Ni dai ban ji ba, waƙa nake yi. Amma kazar nan ta fi mai magani murya."

Zebediya bai zama gwani ba, shi ma ya sani. Har yanzu ƙaramin yatsansa ba ya kai inda ake so, kuma in damina ta yi ƙarfi yakan yi mako bai buɗe akwati ba. Da Farisai ta zo hutu ta tambaye shi ko yana so a nemo masa goge mafi kyau, ya ce wannan ma bai gama jin abin da ke cikinsa ba.

Kwanan baya Sekai ta tare Malama Chikuni a bakin coci, ta ce ita fa ta ƙoshi da waƙoƙin ibada safe da yamma, ko babu abin da mutum zai taka ne a cikin takardun nan? Asabar ta gaba Zebediya ya dawo da sabuwar takarda, kiɗan rawa mai sauri, tururuwar ta cika layi maƙil. Ya kafa ta a baranda kusa da tagar kicin, ya sa tabarau, ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana tsaki yana komawa baya.

"Baban Farisai," ta ce daga ciki, tana tuƙa sadza, "da wannan saurin ai sai dai kunkuru ya yi rawa."

"Ki ba ni zuwa Kirsimeti."

"Wace Kirsimetin?"

Ya sake ɗaukowa daga farko, wannan karon ya wuce layi biyu bai yi tuntuɓe ba. Ta tagar ya hango ta, muciya a hannu, kafaɗunta suna ɗan motsawa.